Darasi: Idan Ɗalibin da Aka Turo Mana Ya Kasa Aiki

'Yan'uwa manoma, makarantun da ke koyar da aikin jin daɗin jama'a sukan tura ɗalibansu ƙauye na 'yan makonni ko watanni, domin su gwada abin da suka koya a aji. Wani lokaci a hannun ƙungiyar manoma ake ajiye su. Sai a ce wa shugaba ko sakatare ya lura da ɗalibin, a ƙarshe ya cika takardar makaranta ya sa hannu. Yawancinsu sukan yi ƙoƙari. To, wanda ya kasa fa, yaya za a yi da shi?

Alamun kasawa

Yana makara, ko ba ya zuwa. Ba ya rubuta rahoton ziyara. Yana tsoron shiga gidajen mutane, ko kuwa yana yi wa dattawa magana da gadara. Mafi muni ita ce tona asiri: gwauruwa ta gaya masa bashin taki ya fi ƙarfinta, washegari a ji maganar a bakin rijiya.

Aikin mai lura kashi 3 ne

Wani malamin wannan aiki a Amurka, Alfred Kadushin, ya rubuta littafi a 1976 inda ya kasa aikin mai lura kashi 3: ya tabbata an yi aikin bisa ƙa'ida, ya koyar, ya kuma ƙarfafa zuciya. Mai tsawa kaɗai ya riƙe na farko ya yar da sauran. Mai lallashi kaɗai ya riƙe na ƙarshe. Dukansu ake bukata, kamar duwatsun murhu.

Abin da za a yi

1. A yi magana da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a bari sai makon ƙarshe.

2. A kira shi a keɓe, ba a gaban taro ba. A faɗi abin da aka gani da ranar da ya faru. "Ranar Talata ba ka je ziyara ba" ya fi "kai rago ne" amfani.

3. A nemi dalili. Wataƙila ba shi da kuɗin mota ko abinci, ko ba ya jin yaren garin, ko ba shi da lafiya, ko kuwa ba wanda ya bayyana masa aikin. Idan laifin namu ne, mu gyara.

4. A ba shi abu 2 ko 3 da zai gyara cikin mako 2, a rubuta, shi da mai lura su sa hannu. A haɗa shi da wani dattijo ko shugabar mata, su riƙa fita ziyara tare.

5. A zauna da shi sau ɗaya kowane mako, a kuma sanar da malaminsa na makaranta tun da sauran lokaci.

Ranar sa hannu

Nan ne gwajin yake. Kunya takan hana mu faɗin gaskiya. Wani zai ce, "Ɗan mutane ne, kada mu ɓata masa karatu." Amma ku tuna, wanda kuka shaida cewa ya iya, gobe shi za a danƙa wa maganar marayu, da rikicin aure, da rabon kayan agaji. Rashin sani ana gyara shi da ƙarin lokaci, kuma maimaita horo ba abin kunya ba ne. Amma ɗalibin da ya taɓa kuɗin ƙungiya, ko ya nemi cutar da wanda ya zo neman taimako, a dakatar da shi nan take, a sanar da makaranta. Ku rubuta abin da ya iya da abin da ya kasa, ku karanta masa kafin ku aika.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane ne a ƙungiyarmu yake da lokaci da haƙurin lura da ɗalibi?
2. Wane masauki da abinci muka tanada masa?
3. Idan iyayensa suka roƙe mu mu sa hannu alhali ya kasa, me za mu ce musu?