Yadda Ake Binciken Hoton Mutane a Littafi, Fim da Kafafen Siyasa

Duk marubuci ko mai shirya fim ko mawaƙin jam'iyya da ya saka wasu mutane a aikinsa, zaɓa ya yi: ya nuna wani abu, ya bar saura. In zaɓin ya yi ta maimaituwa, sai ya zauna a zukata a matsayin halin mutanen. Haka aka samu Bahaushe mai gadi da gurguwar fahimta a finafinan Legas, da Bagwari mai karyayyar Hausa a barkwancin Kano, da kishiyar da kullum tana hanyar gidan boka. Bin diddigin wannan zaɓi reshe ne na nazarin al'adu, kuma ɗalibai da yawa a sassan Hausa da na aikin jarida suna ɗaukarsa a kundin kammala digiri. Matakan da ke ƙasa suna nuna yadda ake yinsa da hujja. Misalin da za mu riƙe shi ne almajiri, domin yana cikin littafi, yana cikin fim, yana kuma bakin 'yan siyasa.

Mataki na 1: Mayar da ƙorafi tambaya

Yawancin masu fara wannan aiki da hukunci suke zuwa: "finafinai suna ɓata sunan almajirai." Wanda ya riga ya yanke hukunci, abin da ya dace da shi kaɗai zai gani. Tambayar bincike tana da ƙafa huɗu: wane rukuni, a wace kafa, a wane lokaci, ta wace fuska. Misali: wace rawa ake ba almajiri a finafinan Hausa masu dogon zango daga 2019 zuwa 2023, kuma wa ke magana a madadinsa? Ka jarraba tambayarka ta hanya ɗaya: shin akwai amsar da za ta iya fitowa ta saɓa wa zatonka? In babu, sake ta.

Mataki na 2: Shata iyakar kayan aiki

Rubuta ƙa'idar zaɓinka kafin ka taɓa littafi ko ka kunna fim, don kada son rai ya yi maka zaɓin. Idan tarihi kake so ka bi, raba zamani gida-gida. A adabi akwai littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai littattafan soyayya na Kano daga shekarun 1980. Sai marubutan Arewa masu rubutu da Turanci, kamar Elnathan John. A fim akwai zamanin kaset tun daga Turmin Danya na 1990, da zamanin faifai, da zamanin Arewa24 da YouTube.

Kaɗan da aka yi wa ƙwaƙƙwafi ya fi tuli da aka leƙa. Littafi 4 zuwa 6, ko fim 10, sun ishi kundin digirin farko. Ga jarida kuwa, akwai dabarar haɗa mako: ka ɗauki fitowar Litinin daga wani mako, ta Talata daga wani, har kwana bakwai su cika, ta yadda labari ɗaya mai zafi ba zai mamaye samfurin ba. Tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ana neman su a Gidan Arewa da Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Abin da ka samo a intanet, ka sauke shi ka rubuta ranar, domin ana goge bidiyo ba sanarwa.

Mataki na 3: Ɗauki ra'i ɗaya, ka yi aiki da shi

Babi na biyu a kundaye yakan cika da sunayen masana waɗanda ba a sake jin ɗuriyarsu a babin nazari. Zaɓi wanda zai ba ka tambayar da za ka yi wa kayanka. Stuart Hall, ɗan asalin Jamaika da ya jagoranci cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Birmingham, ya nuna cewa hoto yana ƙera ma'ana, kuma gurguwar siffa tana aiki ne ta hanyar taƙaita mutum zuwa hali biyu ko uku, sannan a ce haka aka halicce shi. Edward Said, a littafinsa Orientalism na 1978, ya bi yadda Turawa suka zana Gabas a matsayin duniyar da ba ta motsi, zanen da ya sauƙaƙa musu mulkinta. Chinua Achebe, a laccarsa ta 1975 a Amurka, ya nuna yadda Joseph Conrad ya kusan hana baƙaƙen littafinsa Heart of Darkness magana. Laura Mulvey, ita ma a 1975, ta tambayi idon wa kyamara take wakilta. A gida akwai ayyukan Abdalla Uba Adamu, Graham Furniss, Brian Larkin da Carmen McCain kan adabi da finafinan Hausa. Ga misalinmu, tambayar Achebe ce ta fi kaifi: an bar almajiri ya yi magana?

Mataki na 4: Zana takardar ƙidaya

Wannan jadawali ne da za ka cike wa kowace fitowa. Ga almajiri, layukan za su iya zama haka: yana da suna ko "kai almajiri" ake ce masa, shekarunsa, me yake yi, bara, karatu, aikatau, sana'a ko ɓarna, ina yake, tsangaya, titi, tasha ko gidan masu hali, jimla nawa ya furta, wa ya yanke shawarar da ta canza rayuwarsa, yaya labarinsa ya ƙare. Kowane layi ka rubuta masa ma'ana ƙarara. Idan yaro ya riƙe kwano amma bai roƙi kowa ba, bara ce ko ba bara ba? Ka yanke tun yanzu, ka tsaya a kai.

Gwada takardar a kan fim ɗaya, ka gyara. Daga nan ka ba wani abokin karatu kashi 10 cikin 100 na kayan ya cike shi kaɗai. In kuna saɓawa a fiye da amsa 2 cikin 10, ma'anonin ne ba su fito ba. Kuma ka ajiye gurbi na abin da babu. Fim na iya yin awa biyu a unguwar da almajirai ke ɗebo ruwa da wanke-wanke a kowane gida, amma ba a ga ko ɗaya ba. Rashin fitowa ma sakamako ne.

Mataki na 5: Shiga cikin aikin da idon kowace kafa

Ƙidaya tana nuna yawan abu, ba ta nuna yadda aka gina shi. A nan aikin yake, kuma kowace kafa da makamanta.

A littafi, fara da mai ba da labari. A Shaihu Umar, malamin ne da kansa yake zaune cikin almajiransa yana ba su tarihinsa, saboda haka mai karatu yana shiga duniyar ilimin allo ta ƙofar daraja. A Ruwan Bagaja kuwa, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yawo gari-gari suna yi wa juna da jama'a wayo, rigar malanta ta zama abin raha. A Born on a Tuesday na Elnathan John, Dantala ne ke magana da bakinsa, almajirin da ya faɗa cikin yaran da 'yan siyasa ke haya lokacin zaɓe, kafin ya gudu Sakkwato. Jera ukun ka tambaya: me ya canza, kuma wa aka rubuta wa kowanne? Littafin da aka yi wa 'yan makarantar boko na 1934 da wanda aka yi wa mai karanta Turanci a Legas da Landan ba abu ɗaya suke bayani ba. Duba siffofin da ke manne da tauraron, da aikatau ɗin da ake jingina masa: shi yake yi, ko yi masa ake yi?

A fim, kalli kowace fitowa sau uku. Na farko don labari. Na biyu ka kashe sauti, ka lura da kyamara: daga sama take kallon yaron, ko daidai idonsa? An matso da fuskarsa, ko yana can baya kamar kayan ɗaki? Tufafinsa, haske, wurin da aka tsayar da shi, duk ka rubuta. Na uku ka rufe ido ka saurara: wane kiɗa ake sa masa, na tausayi, na tsoro ko na dariya? Rubuta minti da daƙiƙar kowace hujja.

A kafafen siyasa, lokaci ne mabuɗi. Ɗauki ranakun da batun ya taso: Afrilun 2012 da Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, 2020 da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu lokacin korona, 2023 da aka kafa hukumar ƙasa ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A kowane lokaci tattara kanun labarai, jawabai, zanen barkwanci, waƙoƙin jam'iyya da shirye-shiryen sojojin baka a rediyo. Tambayoyi huɗu za ka yi wa kowanne: me aka ce ita ce matsalar, wa aka ɗora wa laifi, wane hukunci aka yanke, wane magani aka kawo. Ƙirga majiyoyi kuma: kwamishina nawa aka ji, alaramma nawa, uba nawa, almajiri nawa. Duk adadin da ɗan siyasa ya ambata, bi shi har tushe kafin ka maimaita.

Mataki na 6: Bi sawun kuɗi da iko

Hoto ba ya faɗowa daga sama. Tambayi wa ya biya, wa ya tace, wa ake so ya saya. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 an dakatar da shirya fim a jihar na wasu watanni. Fim ɗin da aka yi bayan nan, da wannan a ran masu shi aka yi shi. Shirin da ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyi yana da saƙon da aka ba shi. Mawaƙin jam'iyya yana da ubangida. Yi hira da marubutan labari da furodusoshi. Sau da yawa za ka tarar dalilin siffar da ka gani kasuwa ce, ko ƙarancin kuɗin ɗaukar hoto, ba ƙiyayya ba. Wannan ba ya wanke siffar, amma yana bayyana inda gyara zai fara.

Mataki na 7: Saurari masu kallo da waɗanda aka zana

Hall ya nuna tun 1973 cewa mai kallo na iya karɓar saƙo yadda aka so, ko ya karɓi rabi, ko ya juya shi gaba ɗaya. Saboda haka kada ka rubuta "wannan fim yana sa mutane su tsani almajirai" alhali ba ka tambayi kowa ba. Tara mutum 6 zuwa 8, nuna musu fitowa biyu, ka bar su su yi muhawara. Raba zaman maza da na mata, da na manya da na matasa, don kunya kada ta rufe baki.

Sannan ka nemi aikin da mutanen suka yi da kansu. A 2011 wasu almajirai a Kano, tare da mai bincike Hannah Hoechner, sun rubuta labari, suka fito, suka ɗauki fim ɗin Duniya Juyi Juyi. Cike masa takardarka ta ƙidaya, ka ajiye shi kusa da sauran. Bambancin da zai fito shi ne mafi ƙarfin hujjar da za ka samu. In za ka yi hira da yara, nemi izinin malaminsu da nasu, ka sakaya sunayensu, kada ka ɗauki hoton fuska, kada kuma ka yi alkawarin da ba za ka cika ba.

Mataki na 8: Rubuta abin da hujja ta ɗauka kawai

Jera sakamako bisa siffofin da ka gano, ba bisa jerin finafinai ba. Kowace siffa ka kawo adadinta, da misali ɗaya da ka warware sosai, da misalin da ya saɓa mata. Kada ka ɓoye mai saɓawa; shi ke nuna cewa ana iya yin abin ta wata hanya. Faɗi iyakarka a fili: fim 10 ka nazarta, ba Kannywood ba. Ka kuma guji neman a maye mugun hoto da na waliyyi, domin almajirin da ba ya kuskure shi ma an rage masa mutuntaka. Abin aunawa shi ne yawan fuskokin da aka ba shi, da ko yana da bakin magana. Shawarwarinka su zama abin da marubuci ko edita zai iya aikatawa a aikinsa na gaba, kamar ba tauraro suna da buri, ko sa muryar alaramma da ta yaro a rahoto. In ka kammala, taƙaita sakamakon a shafi biyu da Hausa mai sauƙi, ka kai wa marubuta, masu shirya fim da tsangayar da ta ba ka haɗin kai.