Shanyewar Jiki Ta Ɗan Lokaci

Ɗalibi, a ce mahaifinka yana cikin hira, sai bakinsa ya karkace, harshe ya sarƙe, hannu ɗaya ya saki. Bayan minti 10 ya warware. A gida za a ce iska ce. Alhali ɗan gudan jini ne ya toshe wata jijiyar ƙwaƙwalwa, sannan ya narke.

Fargabar da ke biyo baya tana da dalili, domin haɗarin cikakkiyar shanyewar ɓarin jiki ya fi tsanani a kwana 2 na farko. Amma binciken Jami'ar Oxford ta Ingila na 2007 ya nuna cewa fara magani nan take kan rage haɗarin da kusan kashi 80 cikin 100. Don haka a kai shi asibiti a ranar, ko da ya ce ya warke. Kada a ba shi asfirin sai likita ya duba, don zubar jini a ƙwaƙwalwa ma kan kawo irin waɗannan alamu.

Daga nan sai shan maganin hawan jini kullum, da barin taba, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali guda. Dunƙule da kanwa ma suna cikin wannan lissafi, ko da yake a madafa an cika mantawa da su.