Ƙunshe Saƙo a Tsarin ATM: Yadda Tafarki Ɗaya Ke Ɗaukar Ƙa'idoji Da Dama

Kafin a shiga bayani, ya kamata a kawar da wani ruɗani. ATM ɗin da ake nufi a nan ba na'urar cirar kuɗi ba ce. Wani tsari ne na sadarwa tsakanin kwamfutoci wanda kamfanonin tarho suka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, domin murya da hoto da rubutu su bi layi ɗaya. Dabararsa ita ce yanka kowane saƙo zuwa ƙananan ƙwayoyi masu girma ɗaya. Kowace ƙwaya bayit 53 ce: 5 na goshi, inda ake rubuta lambar tafarki, 48 kuwa na kaya. Ita kanta 48 ɗin sulhu ce, don kuwa Amurka ta nemi 64, Faransa da wasu ƙasashe suka nemi 32, aka raba musu gardama a tsakiya.

To, a nan matsalar take. Goshin ƙwaya ba shi da gurbin da zai faɗi irin kayan da ke ciki. Shin ƙunshin IP ne, watau ƙa'idar intanet, ko kuwa na Ethernet ne? In mai karɓa bai sani ba, ba zai iya kwance shi ba.

A shekarar 1993 Juha Heinanen ya wallafa takardar RFC 1483, wadda RFC 2684 ta maye gurbinta a 1999. Dukkansu sun dogara ne kan wani mataki mai suna AAL5. Shi ne ke ɗaukar ƙunshi, ya liƙa masa wutsiya ta bayit 8 mai ɗauke da tsawonsa da lambar gano kuskure, ya yi ciko har jimillar ta rabu da 48 ba saura, sa'an nan ya yanyanka. Ƙwayar ƙarshe ana yi mata alama a goshi, don mai karɓa ya san ƙunshi ya cika. Ƙwaya ɗaya in ta ɓace a hanya, ƙunshin duka ya lalace.

Takardar ta ba da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a ware wa kowace ƙa'ida tafarkinta, a yi yarjejeniya tun farko cewa duk abin da ya biyo ta nan IP ne. Ba a buƙatar wata shaida. Ta biyu, wadda ake kira LLC, ita ce a tara ƙa'idoji a tafarki ɗaya, amma a sa wa kowane ƙunshi shaida a gabansa, kamar yadda fatake kan yi wa buhunansu alama in mota ɗaya za ta ɗauka. Shaidar IP bayit 8 ce, kuma biyun ƙarshe, 08-00, su ne ke bayyana ta.

Bayit 8 ɗin nan kamar ba komai ba ne, amma a duba wannan lissafi. Ƙaramin saƙon da kwamfuta ke mayarwa don tabbatar da isowar kaya bayit 40 ne. A hanya ta farko, 40 da wutsiya 8 sun zama 48 cif, ƙwaya ɗaya ke nan. A ta biyu kuwa sun zama 56, dole sai ƙwaya biyu, watau bayit 106 don isar da 40. Injiniyoyi suka laƙaba wa irin wannan asara sunan harajin ƙwaya, kuma ba su yi ƙarya ba.

Duk da haka hanya ta biyu ta samu karɓuwa, domin a lokacin kowane tafarki kuɗinsa ake biya, kuma kafa shi aiki ne. Layukan ADSL, da suka kai intanet gidaje ta wayar tarho tun ƙarshen shekarun 1990, a kan ATM aka gina su. Shi ya sa mai haɗa irin wannan na'ura yake tarar da tambaya ko LLC zai zaɓa ko VC. In zaɓinsa ya saɓa da na kamfani, fitilar layi za ta kama, amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe ba.