IDAN YARO YA JI CIWO: YADDA AKE TSAYAR DA JINI

Ya ku iyaye mata, ku saurara!

Wuƙa, reza, fasasshiyar kwalba da gwangwani duk suna nan a gidajenmu, yaro kuwa bai san wuta ba sai ya taka. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, amma na ɗan shekara 1 bai kai lita 1 ba. Saboda haka jinin da babba zai zubar ya tashi ya kama harkarsa, shi ne zai iya kayar da yaro. Maganin farko yana hannunki: DANNEWA.

GA ABIN DA ZA KI YI

1. Kada ki ruɗe. Ki zaunar da yaron ko ki kwantar da shi.
2. Ki sami ƙyalle mai tsabta, ko wankakken ɗankwali, ki ninka shi, ki ɗora a bakin ciwon.
3. Ki danne da ƙarfi har minti 10. Kada ki riƙa ɗagawa kina leƙawa, don ɗagawar tana warware jinin da ya fara daskarewa.
4. In jini ya jiƙa ƙyallen, kada ki cire. Ki ɗora wani a kansa, ki ci gaba da dannewa.
5. In ya tsaya, ki ɗaure da bandeji ko ƙyalle, amma ba tamau ba. In yatsu suka yi sanyi ko suka kumbura, ki sassauta.

ABIN DA BA A YI

Kada ki zuba toka, ƙasa, gishiri, kashin shanu ko man birki a ciwo. Ƙazanta ce ke sa ciwo ya yi ruwa, kuma ta nan ciwon sarƙe haƙora yake shiga, wanda yake kisa.

Kada ki ɗaure hannu ko ƙafa da igiya, roba ko waya. Suna iya kashe gaɓar.

In kwalba ko ƙusa ta nutse cikin nama, kada ki zare. Ki danne gefe da gefenta, ki kawo shi haka nan.

IN HAƁO NE FA?

Haɓo yakan yawaita da hunturu. Ki zaunar da yaron, ya ɗan sunkuyar da kai gaba. Ki matse wurin taushin hancin minti 10, yana numfashi ta baki. Kada ya ɗaga kai sama, jinin zai bi maƙogwaro.

KI GARZAYO ASIBITI

In jini yana tsartuwa, ko ya ƙi tsayawa bayan minti 10.
In ciwon yana da zurfi ko ya buɗe baki.
In yaron ya dashe, jikinsa ya yi sanyi, yana gumi ko jiri. Ki kwantar da shi, ki lulluɓe shi, kada ki ba shi abinci ko ruwa.

A hanya ma kada ki saki, wani ya ɗauke shi ke kuma kina danne da ciwon. Ki taho da katinsa na rigakafi, malaman asibiti su duba ko yana bukatar allura.

Mai ciki ko mai jego da ta ga jini yana zuba, ita ba ta jira. A kawo ta nan take, ko da tsakar dare ne.

Wadda ta iya karatu ta karanta wa 'yar'uwarta. Allah ya raya mana zuri'a, amin.