Aikin Gayya a Tsofaffin Tashoshin Jirgin Ƙasa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gayya, inda samari ke taruwa su nome gonar wani ba don kuɗi ba. To, ina so in yi bayani a kan wata irin gayya da ake yi a Birtaniya, wadda ba a gona ake yinta ba, a tashar jirgin ƙasa ake yi.

Abin ya fara ne a yankin Wales a 1951, lokacin da wasu mutane, cikinsu har da marubuci Tom Rolt, suka karɓi ƙaramin layin dogo na Talyllyn da ake shirin rufewa, suka ci gaba da tafiyar da shi da kansu. Daga baya, a 1963, rahoton Dokta Beeching ya ba da shawarar a rufe tashoshi fiye da 2,300 da layin dogo wajen mil 5,000. Tashoshi da yawa an rushe su. Waɗanda suka tsira, wasunsu 'yan sa-kai ne suka cece su.

Mutane kan ɗauka gyaran kan jirgi shi ne babban aikin. Ni kuwa a ganina gyaran tasha ya fi neman tunani, domin tashar da ta yi shekara ɗari ta sake kama sau da yawa. Wace kama za a mayar mata? Masu layin Bluebell, wanda aka buɗe a 1960 a kudancin Ingila, sun warware wannan da dabara. Sun mayar da tashar Sheffield Park yadda take a shekarun 1880, tashar Horsted Keynes ta koma kamar ta tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ita kuwa Kingscote ta koma ta shekarun 1950. Wanda ya shiga jirgin, kowace tasha ya sauka sai ya tarar da wani zamani dabam.

Da zarar an zaɓi zamani, tilas kowane abu ya dace da shi. Kafin a yi wa ƙofa fenti, akan kankare wani gefe a hankali har a kai ga launin farko, a kuma duba tsofaffin hotuna. Haka benci, da agogo, da allunan talla, da ɗan tikitin nan na kwali. A tashar Oakworth da ke arewacin Ingila, fitilun iskar gas ake kunnawa, ana kuma hura gawayin kwal a ɗakin jira lokacin sanyi. A nan aka ɗauki fim ɗin The Railway Children na 1970. Wannan layi an rufe shi a 1962, 'yan sa-kai suka sake buɗe shi a 1968.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na tashar Ingrow a kan wannan layi. Gininta ya lalace ƙwarai, sai suka je Foulridge, inda aka bar wata tasha ba a amfani da ita, suka kwance ginin dutse bayan dutse, suka kwaso, suka sake gina shi a Ingrow. Ku dubi irin wannan haƙuri!

Wani zai ce ɓata lokaci ne, tunda jirgin zamani ya fi sauri. Amma ɗalibin da ya tsaya a irin wannan tasha yana ganin tarihi da idonsa, kafinta da maƙeri kuma suna koyon aikin da ya kusa ɓacewa.

Mu ma muna da namu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shi ya yi ta kwasar gyaɗa da fatu zuwa bakin teku. A Legas, ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy ta gyara tsohon gidan reluwe na Jaekel da ke Ebute Metta, ta mayar da shi ɗakin tarihi. Kakannin wasunmu sun yi aiki a tashoshin Zariya da Gusau da Nguru. Ina roƙon duk wanda ke da tsohon hoto ko tikiti na wancan lokaci ya kawo wa ƙungiyar tarihi ta makarantarmu mu gani.