Falalen Dutse a Madafa: Akwai Abin Tsoro?

Jama'a, duk wanda ya shiga sababbin gidajen da ake ginawa a birnin Damagaram zai ga an fara shimfiɗa falalen dutse gogagge a kan kantar madafa, inda uwargida ke yanka albasa tana ajiye tukunya. Turawa na kiran wannan dutse garanit. Yana da kyau, ba ya jin zafi, ba ya saurin karcewa. Sai dai wata magana tana yawo cewa yana fitar da guba mai kawo sankara. To, bari mu warware zare da abawa.

Da farko, dutsen nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Manyan duwatsun da ke jibge cikin unguwar Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, irinsa ne. Su ne kuma suka shimfiɗu ƙarƙashin ƙasa daga nan har Damagaram Takaya da Gure, shi ya sa haƙa rijiya ke da wuya, har birnin ya dogara da ruwan da ake jawowa daga Gogo da Machaya da Arunguza. Kakanninmu a kan irin wannan dutse suka yi niƙa, a kansa suka shanya tsaba.

Gaskiya ne akwai ɗan burbushin yuraniyom a cikinsa, ma'adinin nan da ake haƙowa a Arlit tun 1971, amma kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na ramin haƙa. Yuraniyom yana rikiɗa a hankali ya zama radiyom, shi kuma ya haifi wata iska da ake kira radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, hanci ba ya sanin ta shiga. Cikin kwana huɗu ba kaɗan rabinta ya ruɓe, kuma wajen ruɓewar ne take barin ƙananan ƙwayoyi da ke maƙalewa a huhu suna ƙona shi sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2009 cewa bayan taba, radon ce babbar mai kawo sankarar huhu, tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari gwargwadon ƙasa. Ta ba da shawara kada radon da ke iskar ɗaki ta wuce bekerel 100 (ma'aunin tiririnta) a kowace kubik mita, in ya gagara, kada ta haura 300. A fili kuwa, inda iska ke kaɗawa, yawanci 5 ne zuwa 15.

Tsoron kantar madafa daga Amurka ya taso. A 2008 jaridar New York Times ta buga labari a kai, hankalin masu gida ya tashi. Aka yi ta aune-aune, hukumar kare muhallin ƙasar ta ce da wuya falalen dutse ya ƙara radon a ɗaki har ya kai abin damuwa. Dalilin a fili yake. Falalen bai fi kaurin yatsa biyu ba, ga shi da tauri, iskar da ke cikinsa ba ta samun hanyar fita da yawa, kuma madafa wuri ne da ake buɗewa saboda hayaƙi.

Inda radon ke shigowa da gaske shi ne ƙasar da gida ke zaune a kai. Tana bin tsagewar daɓe, da gindin bango, da ramin bututu, ta taru a ɗakin da ke rufe. A nan ne ya kamata mu da ke kan dutse mu buɗe ido. Gidan da, mai tsakar gida da zaure, mutane na kwana waje da bazara, iska na wanke shi kullum. Gidan yanzu kuwa, an sa gilashi, an toshe ko'ina don na'urar sanyaya ɗaki, da hunturu ma a ƙara cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa. Wanda ya haɗa wannan da shan taba ya tara wa huhunsa abokan gaba biyu, don haɗarin radon ga mashayin taba ya ninka na wanda ba ya sha kamar sau 25.

Akwai kuma darasi daga arewa. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa sun sami ƙarafa masu tiririn yuraniyom ana sayarwa a kasuwar Arlit, a 2009 kuma ƙungiyar Greenpeace ta auna irin wannan tiriri a titunan Akokan. Saboda haka tarkacen wurin haƙar ma'adini, dutse ne ko ƙarfe, kada a kai shi gini ko a ƙera tukunya da shi, komai araharsa.

Wanda ya fi kowa shiga haɗari da wannan dutse ba uwargida ba ce, mai yanka shi ne da mai fasa tsakuwa. Ƙurar da ke tashi tana taruwa a huhu, ta busar da shi, mutum ya riƙa haki, kuma ba ta da magani in ta kama, har tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Rawani ko ƙyalle a hanci bai isa ba. A jiƙa dutsen da ruwa lokacin yanka, a yi aikin a fili, a sa abin rufe hanci na gaske.

Don haka, maigida, in kana da hali ka sa falalenka, kada ka fasa wanda ka riga ka sa. Ka liƙe tsagewar daɓe da siminti, ka ce wa magini ya bar taga biyu masu kallon juna, a buɗe su safe da yamma ko da hunturu ne, kuma kada a sha taba cikin ɗaki.