Gayyar Gyaran Kwamin Furanni

A birane da yawa akwai lambun shaƙatawa, inda jama'a ke zuwa shan iska. A Kaduna akwai na Ƙofar Gamji a bakin kogi, inda aka kafa tsohuwar gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Akwai kuma ƙanana a cikin unguwanni da tsakiyar shataletale. Irin waɗannan ƙananan su ne ciyawa ta fi cinyewa, domin kowa yana ganin ba nasa ba ne. Idan mutanen unguwa suka yi gayya, za su iya raya kwamin furanni da ya mutu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

A fara da neman izini wajen hukumar da ke kula da wurin, a kuma sanar da mai unguwa. A Kano, safiyar Asabar ta ƙarshen wata lokacin tsaftar muhalli ne, mutane suna gida, don haka tara su ba ya wuya. Kowa ya zo da abin da yake da shi: fartanya, adda, lauje, manjagara, shebur ko baro.

Kada kowa ya shiga da silifas. Ciyawar da ta daɗe maɓoyar maciji da kunama ce, ga fasassun kwalabe da ƙusoshi. A riƙa bugun ciyawa da doguwar sanda kafin a taka. Wanda ƙarfe ya yanka ya wanke ciwon da sabulu, ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus, ciwon da ke sarƙe haƙora. Idan akwai tumfafiya, a kiyaye ruwanta, yana yi wa ido lahani.

Sare ciyawa shi ne mafi sauƙin aikin, kuma a nan yawancin masu gayya ke tsayawa. Sai a share, a ɗauki hoto, a watse. Bayan mako biyu wurin ya koma kore shar. Dalili kuwa, ba duk ciyawa ce ke mutuwa da sara ba.

Ƙarangiya da tafasa daga iri suke fitowa. Idan an tuge su kafin su yi 'ya'ya, an gama da su. Aya-aya kuwa daban take. A ƙarƙashin ƙasa tana da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, waɗanda siririn zare ya haɗa. Ganyen kawai adda ke ɗaukewa, ƙwayar tana nan da ranta, kuma kowace ɗaya sabon tsiro ce. Kiri-kiri ma haka: tana yaɗo, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Wanda ya daddatsa ta da fartanya ya bar ta a wurin, dasa ta ya yi. Maganinsu haƙa. A juya ƙasa zurfin kamu ɗaya, a tsince ƙwayoyin da saiwoyin da hannu, a shanya su a rana su bushe ƙayau. Kada a zuba su cikin ramin taki, za su tsira a can. Wannan aiki ne na zama da haƙuri, kuma sau da yawa dattawan da suka saba noma sun fi samari iya shi.

Ledar da aka tono a tara ta daban a kai bola. Ƙona ta yana cutar da ƙirji.

Bayan haƙa, kada a yi gaggawar dashe. A ba ƙasar ruwa, a bar ta kamar mako biyu. Irin ciyawar da ya ɓuya zai fito, sai a nome shi tun yana ƙarami. Daga nan a zuba taki. Ruɓaɓɓe ake so, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwar dashe.

Farkon damina, idan ruwa ya zauna, shi ne lokacin dashe. A yi shi da yamma don tsiron ya kwana cikin sanyi. A yage ledar da aka raini tsiron a ciki, amma kada a fasa ƙasar da ke riƙe da saiwarsa. Ba sai an sayi fulawa mai tsada ba. Lalle yana jure fari, yana yin shinge, furensa kuma da ƙamshi. A sa shi a gefe, gajerun furanni da ɗaɗɗoya a tsakiya, a bar tazara don su sake. A rufe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, danshi zai daɗe.

Kafin a watse, a yanke magana biyu. Ta farko shinge, domin akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin mutum ashirin kafin azahar. Ta biyu ban ruwa. A rubuta sunaye da ranaku a takarda, a liƙa inda kowa zai gani, har da wanda zai karɓi aikin idan mai ranar ya yi tafiya. Daga Oktoba ruwan sama zai ɗauke, kuma kwamin zai dogara ga masu bokiti har damina ta zagayo.